Kwanar Bitrus

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa da girmamawa daga ƙanenka Nasiru. Da kana nan da na fara da tambayar gwiwa, ka ce mini da sauƙi alhali ba sauƙin, sannan ka tambaye ni mutan Birmingham ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ba mai amsawa, amma ban saba shigo maka da magana ba sallama ba. Saratu tana lafiya, tana ta fama da aiki. Dauda ya yi tsawo har ya wuce ni, gemu ma ya fara tsiro masa. A kansa na zauna rubuta maka wannan wasiƙa, kuma zan sa ta inda mutane za su karanta, don na rasa wanda zan iya faɗa wa a zaune ido da ido.

Maganar a taƙaice ita ce, ɗanka ya fara daina yarda da idonka, ni kuma ina cikin masu taya shi.

Ka yi haƙuri in koma baya kaɗan. Ka san halina, ba na iya ba da labari daga tsakiya.

Ka tuna lokacin da na zo Manchester karatu, na kama ɗaki a ƙasan gidanku na bene a Withington? Ban san kowa ba. Wata safiya ina saukowa daga bene na ji wani yana rera waƙar coci da Hausa, yana jan kwandon shara. Na tsaya cak kamar wanda aka kira da sunan yanka. Na ce sannu da aiki, ka juyo ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Kai kuma daga ina aka koro ka?" Ranar a gidanku na ci abincin rana. Saratu ta yi tuwon semo da miyar kuka, Dauda yana rarrafe yana ja mini ƙafar wando.

Ba a daɗe ba ka ja ni wani fili ranar Lahadi bayan kun tashi daga coci. Na ɗauka ƙwallon ƙafa za mu kalla. Sai na tarar da manya-manyan mutane da huluna, wani riƙe da sanda, wani da ƙatuwar safar hannu, kai kuma ka sa wani abin ƙarfe a fuska. Ka ce sunan wasan baseball, ka koye shi tun kana yaro a Jos wurin 'ya'yan Amurkawa 'yan mishan, kuma a ƙasar nan 'yan tsiraru ne ke yinsa don sha'awa, ba mai biyan kowa.

Har yau ina iya maimaita bayanin da ka yi mini. Ka nuna mini wani farantin roba da ke kafe a ƙasa, ka ce, "Ka ɗauka akwai taga a saman wannan, daga gwiwar mai sanda zuwa ƙirjinsa. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, in ta bi ta tagar mai sanda bai doke ta ba, strike ke nan. Uku, ya fita. In ta kauce wa tagar, ball ke nan. Huɗu, ya wuce kyauta. Tagar kuwa ba mai ganinta sai alƙali." Na ce to ai alƙalin zai iya cewa duk abin da ya ga dama. Ka yi dariya har kana riƙe ciki, ka ce shi ya sa ba kowa ake ba ba.

Kai ne alƙalin. Wurinka a bayan mai cafe ƙwallo, ka sunkuya kana leƙe ta saman kafaɗarsa. Ba ka taɓa buɗe wasa ba sai ka gaisa da mai cafewa na kowane ɓangare, kuma da Hausa. Ina gajiya, ya gida, ya yara. Da farko Turawan sun ɗauka wata addu'a ce. A hankali suka koya, har na ji wani ƙato mai jan gemu ɗan Stockport yana amsa maka da "lafiya lau" kafin ka rufe baki. In ka kira strike kuwa, da muryar nan taka ta mawaƙan coci, masu yawo da karnuka a can ƙarshen fili sai sun waiwayo.

Da na fara taya ka alƙalanci, in la'asar ta yi sai ka jira a gama zagaye, ka ƙifta mini ido. In zaga bayan shinge in shimfiɗa rigata, kai kuma ka zaro ɗan buroshinka ka hau share farantin a hankali, ka share nan, ka koma can, ka duba, ka sake sharewa. Ba ka miƙewa sai ka hango na sallame. Ba wanda ya taɓa tambayarka me ya sa farantin ke yin datti kullum a lokaci ɗaya.

Mu uku ka koya wa aikin a shekarun nan: ni, da wani tsohon mai gyaran famfo, da wata malamar makaranta. Daga baya mu ma muka koya wa wasu. Kusan duk alƙalan ƙungiyoyin da ke kewayen Manchester ta hannunka suka biyo, ko ta hannun wanda ya biyo ta hannunka.

Kana da wata irin tsayuwa taka. Ka lanƙwasa ƙafar dama, ka miƙe ta hagu sambal zuwa gefe, jikinka ya ɗan karkata. Haka na gan ka, haka na kwaikwaya. Na san ka taɓa faɗuwa da babur a Jos, na san gwiwarka ta hagu ba ta lanƙwasuwa, kullum ina tambayar ka ita. Amma wallahi ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Kai ne babba, kai ka san aikin, kuma tarbiyyar da aka yi mini ba ta bar ni in tambayi na gaba da ni dalilin tsayuwarsa ba. Turawan kuwa sun ɗauka haka ake yi a Amurka. Ka ga layin alƙalai, kowa da lafiyayyun gwiwoyinsa, kowa ya miƙe ƙafar hagu. Kai ma ba ka taɓa ce mana komai ba. Na fi zaton ba ka lura ba.

Akwai wani wuri, can ƙasa ta gefen da ya fi nisa da mai sanda, inda ƙwallo ke shafar bakin tagar ta wuce. Kai kullum strike kake ba wa wannan. Masu sanda sun yi ƙorafi har suka gaji, masu jifa kuma suka koma neman wurin. Aka sa masa suna kwanar Bitrus. Ka ji daɗin sunan ƙwarai, ko da yake kana nuna ko a jikinka. Kakan ce, "Duk wanda ya iya ajiye ƙwallo a nan, ya ci guminsa."

Dauda kuwa a wannan kwanar ya girma. Tun bai kai tsawon sanda ba ka saya masa raga, kana kafa ta a filin shaƙatawa na bayan gidanku, ka ajiye farantin roba a gabanta, ka koma bayanta ka yi tsayuwarka. Bokitin ƙwallaye a gefensa. "Nan, Dauda. Ƙasa-ƙasa. Nan." Saratu ta aiko a ce abinci ya huce, ka ce saura ɗaya, ɗayan nan kuwa ba ya ƙarewa. Ina zuwa hutun mako daga Birmingham bayan na sami aiki a asibiti, in same ku a can ko da ana yayyafi. Kafin ya gama sakandare ko ido rufe yana iya sa ƙwallo a wurin. Manyan mutane suna kai mata duka suna dukan iska, su koma suna girgiza kai. Kana tsaye a baya kana ƙoƙarin ɗaure fuska irin ta alƙali, amma ni na san fuskarka.

Sai ciwon ya zo.

Ka san aikina ɗaukar hoton cikin jiki ne. Da likitan unguwarku ya tura ka asibiti suka yi maka hoton, ka nemi a ba ka, ka turo mini, ka ce in duba maka da idon ɗan'uwa kafin likita ya kira ka. A satin da aka yi hoton ka yi alƙalancin wasa biyu, kana ihu, kana dariya, ba mai ganinka ya ce kana da ko mura. Na buɗe hoton a ofis. Na yi ta juya shi ina neman inda na'urar ta yi kuskure, ban samu ba. Da na kira ka ina kame-kame, ka ce, "Nasiru, alƙali ba ya jan rai. Faɗi abin da ka gani."

Zuwana na ƙarshe ba ka iya dogon zance. Ka kama hannuna ka ce in riƙa tsaya wa Dauda. Na ce in Allah ya yarda. Na ɗauka abu ne mai sauƙi ka roƙe ni.

Bayan rasuwarka yaron bai bar wasa ba, sai ma ya ƙara ƙaimi. Bana aka gayyace shi gwajin zaɓen matasa 'yan wasa na ƙasa, a wani babban ɗakin wasanni kusa da Edgbaston, a nan Birmingham. Shi ne abin da kuka yi ta magana a kai tun yana ƙarami. Ya hau jirgin ƙasa ya zo, ya sauka a gidana a Sparkbrook. Matata Hajara ta yi masa waina da miyar taushe, ta ce ɗan Yaya Bitrus ba zai je gwaji da burodi a ciki ba. Masu shirya taron kuma suka neme ni in yi musu alƙalanci, tunda ina gari. Na yi murna, na ce ga alkawari ya zo har gida.

Da muka shiga na ga an kakkafa kyamarori a kan ƙafafun ƙarfe, ga kuma wani babban allo a bango. Wata matashiya da ke kula da su ta yi mini bayani: ni zan kira kamar kullum, allon kuma zai nuna tagar a zane, da ɗigo a daidai inda ƙwallo ta bi. Tagar da ka ce ba mai ganinta sai alƙali, Yaya, ga ta nan an zana ta da farin layi, kowa yana kallo.

Dauda ya hau wurin jifa. Jifansa na farko ya tafi kwanar, tsaf, kamar an auna. Na ɗaga hannu na kira strike da iya ƙarfina, har na ji kamar muryarka ce ta fita. Na waiwaya na dubi allo, ɗigon yana wajen layi. Ba da nisa ba, kamar faɗin yatsu biyu ko uku, amma a waje yake.

Na ce a tsaya, ba a saita abin daidai ba. Na faɗa da ƙarfi, har da nuna yatsa, Allah ya yafe mini. Matashiyar ba ta yi musu ba. Ta ɗauko tef ɗin awo, ta durƙusa ta auna farantin a gabana, ta auna kyamarorin, ta sa aka mirgina ƙwallo ta bakin layi don in gani da idona. Komai daidai yake.

Aka ci gaba. Ya sake jefa ta can, na sake cewa strike, allo ya sake ƙaryata ni. A karo na uku shugaban masu horarwa ya zo ya raɗa mini cewa don kada a cuci masu sanda, su ma gwaji suke yi, za a sa mini wani ɗan abu a kunne, abin da na'urar ta faɗa shi zan maimaita. Na karɓa na sa. Ba yadda na iya.

Yaya, da bakina na riƙa ce wa ɗanka ball. Hannunsa bai san wani wuri ba. Yana so ya matso da ita ciki, sai ta zo tsakiya a doke ta har bango, ya tsorata ya koma inda ya sani, muryar da ke kunnena ta ce ball, ni ma in ce ball. Masu sanda suna wucewa kyauta ɗaya bayan ɗaya. Idona yana ganin strike, na rantse maka har yanzu in na rufe ido strike nake gani. Ya dube ni sau ɗaya kawai, ta cikin ƙarfen da ke fuskata, irin kallon da yaro ke yi wa babba in yana jiran ya sa baki. Na kau da kai na gyara tsayuwa.

Ba a ɗauke shi ba. Sun ce yana da ƙarfin hannu, ya je ya gyara saiti ya dawo a zagaye na gaba.

Ana tattara kaya matashiyar nan ta kira ni gefe, don ta ga abin ya dame ni. Dauda yana tsaye kusa da jakarsa a kafaɗa. Ta nuna mini hotona da kyamarar baya ta ɗauka, ta ja layi daga tsakiyar farantin zuwa sama. Kaina ba ya kan inda ya kamata, ya karkace gefe. Ta ce daga nan duk ƙwallon da ta wuce ta waje ƙasa-ƙasa za ta yi kama da ta shafi layi, ko wane ne ya tsaya a haka abin da zai gani ke nan. Sannan cikin ladabi ta tambaye ni ko ina da ciwo ne a gwiwar hagu.

Na buɗe baki zan ce lafiyata ƙalau. Dauda ya riga ni ganewa. Da Turancinsa na 'yan Manchester, a hankali, ya ce gwiwar babansa ce.

Muka shiga bas mai bin Stratford Road. Muka wuce shagunan nama da na atamfa, mutane suna ta hidimarsu. Da muka isa gida Hajara ta buɗe ƙofa da fara'a, ta kalle mu, ta koma kicin.

Na so in tsani na'urar nan. Na yi kwanaki ina neman hanyar tsanarta. Amma ni da wane baki? Kullum ina zaune gaban irinta a wurin aiki, ina gaya wa mutanen da ke jin kansu garau cewa hoto ya nuna wani abu. Ba na cewa a bar wa idon likita don ya fi tausayi. Wadda ta ga ciwonka ba ta yi ƙarya ba, wannan ma ba ta yi ba. Da ta yi ƙarya da na sami abin riƙewa, in yi ta faɗa har in gaji. Gaskiyarta ce ta karya ni.

Ka tuna wani mai sayar da magani, gajere mai tumbi, da ke buga wa ƙungiyar Bolton? Wanda duk lokacin da ka fitar da shi a kwanar nan sai ya jefar da sanda ya ce ko da tsani ba zai kai ta ba? Mun mai da shi abin dariya, har kwaikwayon tafiyarsa kake yi mana a mota. Mutumin nan gaskiya yake faɗa. Shekara da shekaru yana faɗar gaskiya muna ce masa mai ƙorafi. Ina tuna shi yanzu sai kunya ta rufe ni, kuma ban san ko yana raye ba balle in neme shi.

Yanzu ana maganar kawo irin wannan abu wasanninmu na Lahadi. An ce akwai mai sauƙi da waya ma ke iya yi. Alƙali zai tsaya a wurinsa, ya sa abu a kunne, ya zama bakin na'ura. Tsohon mai gyaran famfo ya ce shi ya ajiye, ba zai sa kayan nauyi ya tsaya cikin sanyi don ya riƙa maimaita maganar waya ba. Malamar makaranta ta ce ita ta yarda, don yara sun cancanci a yi musu adalci. Suka tambaye ni ra'ayina, na ce ban sani ba. Dukkansu na ga gaskiyarsu, kuma ba wadda ta sanyaya mini rai.

Na gwada lissafa wa kaina abin da kake yi wanda na'ura ba za ta iya ba. Ba za ta gaida kowa ba. Ba za ta lura mai jifa ya fara dafe kafaɗa ta kira mai horar da shi ba. Ba za ta share faranti don wani ya yi salla ba. In ta fitar da mutum ba wanda zai yi wa ihu, ba kuma wanda zai zo bayan wasa ya miƙa masa kofin shayi su shirya. A gwajin nan ba wanda ya yi gardama da ni ko sau ɗaya bayan an sa mini abin a kunne, kuma ban taɓa jin kaɗaici a fili irin na ranar ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma in na ɗora shi a gefe ɗaya, na ɗora fuskar Dauda a ɗaya gefen, ba ya rinjaya. Yaron ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana koyon jefa ƙwallo inda ba a ba da lada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan. Labari ya bazu, ka san ƙungiyoyinmu ba su da yawa. Kwanan baya ina kallon wani wasa, wani sabon alƙali ya kira strike a kan ƙwallon da ta kauce, sai na ji wani daga benci ya ɗaga murya ya ce kwanar Bitrus ke nan, aka fashe da dariya. Yaran da suka yi dariyar ba su taɓa ganinka ba. A wurinsu sunanka yana nufin kuskuren alƙali. Na tashi na koma mota na zauna har aka tashi.

Saratu ba ta sani ba. Ta ɗauka tsoro ne ya kama shi ranar. Abin fuskarka na ƙarfe yana nan rataye a bayan ƙofar falo, tana goge shi. Da na je gaishe ta, wasu mata 'yan cocinku suna nan, tana ba su labari cewa mijinta bai taɓa kuskuren kira ba, Turawa ma sun sallama masa. Dauda yana zaune a hannun kujera yana danna waya. Bai ɗago ba, ni ma na sunkuyar da kai ina juya cokali a shayi.

Shi ya kira ni bayan 'yan makonni. Bai yi dogon bayani ba, ya ce yana so ya koma gwajin, kuma yana bukatar wanda zai tsaya masa a bayan raga. Don haka yanzu duk Asabar ina hawa jirgi zuwa Manchester. Filin nan ne dai, ragar nan ce, har bokitin bai canza ba. Abin da ya ƙaru shi ne wayarsa da yake kafawa a kan ƙafar ƙarfe a bayana, tana auna kowane jifa.

Ni ma koyo nake. Ina ƙoƙarin lanƙwasa gwiwoyi biyu daidai, in tsai da kaina a tsakiya. Da na shagala kaɗan sai in tarar ƙafar hagu ta miƙe da kanta, Dauda ya nuna mini ita da haɓa, in janyo ta. Mutum da furfurarsa ana koya masa tsugunno.

Kuma yana gyaruwa, Yaya. Wannan ne ban san yadda zan gaya maka ba. Yaron yana da naci irin naka. Kowane mako ƙwallon tana matsowa ciki, waɗanda ke zuwa wurinka suna raguwa. Ya kamata in yi murna, kuma ina yi masa murnar a fuska. Amma ni na san abin da muke yi. Muryarka ta tafi, dariyarka ta tafi, 'yan wasan da suka iya amsa gaisuwarka yawanci sun tsufa sun bari. Wuri ɗaya da na san in na je zan same ka shi ne hannun yaron nan, kuma ni ne nake zuwa duk mako ina taya shi fitar da kai.

Asabar ɗin da ta wuce an yi sanyi, ciyawa duk ta jiƙe. Ya yi jifa mai yawa, duka a ciki, wayar tana ta yarda da shi. Can wajen ƙarshe ya gaji, sai ɗaya ta kuɓuce masa. Ta taho ƙasa-ƙasa, ta lanƙwasa, ta faɗa daidai inda ka yi shekaru kana nuna masa. Ban taɓa ganin ya jefa mai kyanta ba. Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ya tashi, na kira strike har wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya.

Bai ko kalli wayar ba. Ya tsaya da safar a hannu, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Da 'yar Hausarsa da ba ya cika amfani da ita ya ce, "Uncle, ball ce. Don Allah kar ka yi mini abin da Dad ya yi mini."

Ina da abin faɗa. Ina iya ce masa ubansa ya tsaya cikin ruwan sama a kan gwiwar da ke masa zogi, shekara da shekaru, don shi. Ina iya ce masa ba ka taɓa kiran abin da ba ka gani ba, ko don ɗanka. Ina iya ce masa laifinmu ne mu da muka gan ka a karkace muka kwaikwaya maimakon mu tambaya. Duk suna bakina. Amma gwajin yana tafe, kuma yaron yana bukatar ya yarda da layin nan fiye da yadda yake bukatar ya yarda da kai. Ban kare ka ba, Yaya. Na sauke hannuna na ce masa haka ne, ball ce. Ya gyaɗa kai ya sunkuya ya ɗauki wata daga bokiti.

A jirgin komawa na yi kuka, ban ɓoye ba, wani saurayi da ke kusa da ni ya tashi ya canza kujera.

Ka ce in tsaya masa, ina tsaye. Ban san haka tsayuwar za ta kasance ba, kuma ban san ko da ka sani za ka roƙe ni ba. Ina jin za ka roƙa. Ina jin ma da kai ne a bayan ragar da tuni ka ce masa ya bi na'urar, ka koma gida ka rufe ƙofa.

Allah ya saka maka da alherin da ka yi mini lokacin da ba ni da kowa a ƙasar nan. Allah ya ba Saratu haƙuri, ya sa kada maganar nan ta kai kunnenta ta bakin da ba shi da tausayi. Allah ya raya Dauda, ya yi masa albarka, ya sa in ya girma ya haifi nasa ya gane irin son da aka yi masa. Kuma Allah ya sa a ɗauke shi a wannan karon. Ina roƙon haka da zuciya ɗaya, ko da yake na san ranar da za a kira sunansa, ba sauran jifa ɗaya naka a hannunsa.

Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙanenka da ka tsinta a kan bene,
Nasiru
Sparkbrook, Birmingham